Inno Mai Kitso da Aljanar da Ba a Gani

Kafin rana ta haura katangar gidansu a unguwar Liman Abaji ta garin Keffi, Inno ta riga ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta ajiye kujerarta 'yar tsugunno, da kibiyar tsaga gashi, da matsefi, da 'yar kwalbar man kaɗe. Daga nan sai ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jira kan farko. Haka take yi tun zamanin Turawa, haka ta yi ranar da aka sauke tutarsu, haka ta yi duk tsawon yaƙin basasa. Sai bayan Babbar Sallar da ta wuce ne yatsunta suka kumbura suka ƙi lanƙwasuwa, ta naɗe kibiyar a tsumma ta sa a ƙasan adaka. Ba wanda ya taru, ba wanda ya yi jawabi. A cikin watan nan kuwa an yi liyafa a garin nan, da kaɗe-kaɗe da shinkafa har da lasifika, don wani ɗan kwangila ya gama kwalbati.

Ni Zulaihatu, malamar firamare ce, kuma a kan cinyar Inno kaina ya girma. Da kunya na ɗauki alƙalamin nan. Ina jin kunyar garinmu, da ya bar mace irin wannan ta ajiye aiki shiru kamar kaza ta shiga akurki. Amma kunyar da ta fi danne ni ita ce zan fito da abin da baiwar Allahn nan ta shekara da shekaru tana rufewa da gefen zane. Ku yi mini uzuri, a ƙarshe za ku ji abin da ya sa ban iya yin shiru ba.

Kowace makitsiya da dabararta ta sa kan yarinya ya tsaya cik. Wata tsawa, wata ranƙwashi, wata alewa. Inno labari take bayarwa, labarin ma na aljanu. Ba irin aljanun da ake tsorata yara da su don su bar yawon rana ba. Nata aljanun 'yan mata ne da samari sa'anninmu, masu kasuwarsu a cikin kuka da tsamiya, suna fushi, suna yanga, suna son juna, suna tafka wauta kamar kowa. An sha gaya mata ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake yi. Sai ta ce, "Ni da ba na wuce zaure, a ina zan ɓata? Ke, juyo da kanki."

Ba ta ƙare labari a zama ɗaya. Da ta kama jelar kitso na ƙarshe ta ɗaure, bakinta ma ya ɗaure ke nan, ko da aljani na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin rami. Mai son ci gaba ta dawo in kai ya tsufa. Allah ya yafe mana, mun sha sosa kitso da gangan don ya yi saurin tashi, iyayenmu na mamakin yadda shuku ke lalacewa a kanmu tun bai yi kwanan kirki ba.

Abin da muke faɗa da ita a kai kullum shi ne aure. Mu da mun ga saurayi da budurwa a labari sun haɗa ido, sai mu matsu a shafa fatiha.

"Haba Inno, a ɗaura musu mana, ai sun sha wuya!"

"Da wannan halin nata? Ku bari ta yi hankali tukuna. In na aurar da ita yau, gobe ku za ku rako ta yaji."

"To ai an ce hali zanen dutse ne, Inno."

"An ce. Je ki bakin rafin Antau ki ga abin da ruwa ya yi wa duwatsun wanki."

A wurinta so ba alewa ba ne da ake miƙa wa yarinya don ta yi kyau. Sai aljanarta ta faɗi ta tashi, ta ji kunya, ta nemi gafara, ta bar wani abu da take taƙama da shi, sannan Inno za ta yarda ta matso da ita kusa da wanda take so. Mun zaci jan rai ne kawai irin na mai labari.

Cikin 'yan matan da ke cika tsakar gidan akwai ɗaya da ba ta taɓa ɗora kai a cinyar Inno ba. Ita ce Fadimatu, ƙawata, kuma 'yar Inno ta fari. Yaran yanzu sun fara manta nauyin wannan kalma. A gidajen tsohon gari irin nasu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, balle ta zaunar da shi ta ce ga abin da ke raina. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Wasu suna sassautawa in yaro ya tasa, Inno kuwa tsohuwar da ta raine ta ba ta koya mata sassauci ba. Tun daga yaye aka kai Fadimatu riƙo wurin gwaggonta a unguwar Tudun Ƙofa. In dole ta kama Inno ta ambace ta, sai ta ce "yarinyar gidan Gwaggo". Ƙannenta maza kuwa, su Sale, a gabanta Inno za ta goya su, ta yi musu kirari, ta tsame musu nama a miya.

Kowa ya san al'ada ce, Fadimatu ma ta sani. Amma sani daban, abin da ciki ke ji daban. Ta tashi kyakkyawa, mai kaifin kai, mai baki kamar aska. Kafin ka ƙi ta, ta riga ta ƙi ka, ta kuma sa jama'a sun yi maka dariya. Ba ta cewa "uwata", sai dai "Innonku". In ta rako mu kitso, maƙwabciyarsu Amarya ce ke yi mata nata, sannan ta kife turmi a bakin madafa ta zauna, ta ba mu rabin baya, tana ɓarar gyaɗa kamar an sa ta. Inno ba ta taɓa juyawa wajen ba. Mata a unguwa har suna cewa wannan ya wuce kunya, zuciyar Inno ce busasshiya.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba wani malamin gona mai suna Idris ya fara zuwa zance wurin Fadimatu. Mutum ne dogo, mai haƙuri, kekensa kullum a goge, sai dai yana da i'ina. Ni ce 'yar rakiya, don haka na ga abin da wasu ba su gani ba. Tun la'asar Fadimatu za ta fara leƙen hanya, ta canja ɗankwali, ta sake canjawa. Amma da ya jingine keke ya fara, "S-s-salamu," sai ta ƙarasa masa, ta ƙarasa masa ta gaba, in ya tafi ta kwaikwaye shi a gaban ƙawaye har mu riƙe ciki. Son shi take kamar ranta, ni shaida ce. Tsoro ne kawai ba ya barin ta ta nuna.

A daidai lokacin nan Inno ta buɗe sabon labari, na wata aljana mai suna Marka, da ke zaune a cikin tsamiya a bakin rafi. Marka fitinanniya ce. Ita ce mai kifar da tulun mata, mai ƙulle wutsiyar awaki biyu wuri ɗaya, mai tsinka wa masunta fatsa ta hau reshe tana ƙyalƙyata dariya. A gindin tsamiyar wani saurayi masaƙi, Ubale, yake kafa masaƙarsa. Yana jin muryarta, ba ya ganin ta, domin dokar aljanun Inno ita ce ɗan Adam ba ya ganin aljana sai a lokacin da take faɗin ainihin abin da ke zuciyarta. Wata rana Marka ta yi subul da baka ta ce, "Kai, saƙar nan ta yi kyau." Nan take Ubale ya ga hannu, siriri, da warwaro, yana shafa zaren. Ta ji kunya, ta yi maza ta ƙara da cewa, "Ga mai saƙar kuwa kamar buzuzu." Hannun ya ɓace.

Wayyo, yadda muka mutu a kan wannan labari! Wata da watanni Ubale yana tsintar ta guntu-guntu, yau ido, gobe tafin ƙafa, jibi gefen fuska, kullum sai baƙar magana ta share abin da gaskiya ta nuna. Mu kam soyayyar muke bi. Ba wadda ta lura a cikinmu cewa Inno ba ta taɓa labarin Marka sai ran da turmin nan na bakin madafa yake kife da mutum a kai. Ranar da babu, sai ta ce ta manta inda ta tsaya, ta kawo wani.

Ana cikin haka aka yi wa Idris canjin wurin aiki zuwa Wukari. Manyansa suka aiko wa Gwaggo cewa suna son magana tsayayya kafin ya tashi, in babu, kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba. Gwaggo ta tambayi Fadimatu. Da ta sunkuyar da kai ta yi shiru, da shi ke nan, an gane. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Ya tafi mana. Kafin ya gama sallama ma motar ta isa." Gwaggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji. Mutum ɗaya ce ta san inda ciwon yake, ita kuwa al'ada ta ɗaure mata baki.

Ranar Alhamis ta zagayo, ranar da aka fi zuwa kitso, tsakar gida ta cika, Fadimatu na kan turminta. Wadda ke cinyar Inno ita ce Filomina, 'yar wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Mada, da suka taso daga wajen Akwanga ba da jimawa ba. Yarinya ce mai farin ciki, mai saurin ganewa, amma Hausarta ta aji ce da kasuwa, ba ta san ta cikin gida ba. Ran nan Inno ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Ta ce Ubale ya gaji, ya fara naɗe zarensa zai bar gindin tsamiya. Wata tsohuwar aljana ta tambayi Marka me ya sa take ɓatar da kanta da bakinta. Marka ta ce, "A bishiyar wasu na girma. Ina hango uwata tana yi wa ƙannena wanka, ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dube ni ba. Wanda uwarsa ba ta duba ba, wa zai so ganin sa? Gara in ɓace da kaina kafin a kau da kai."

Hannun Fadimatu ya tsaya a cikin gyaɗa. Filomina kuwa ta zabura, kitso rabi a kanta, ta tafa hannu da murnar wadda ta ci jarrabawa.

"Kai, Inno! Na gane! Wannan Marka ai Fadimatu ne! Ke ne maman da ba ya duba ta, ko ba haka ba?"

Amarya ta saki matsefi. Mu duka muka sunkuya, kowace tana fatan ƙasa ta tsage ta shige. Inno ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska, mace mai furfura a gaban yaran da ta yi wa kitson yaye. Fadimatu ta ajiye faifan gyaɗa a hankali, ta gyara mayafi, ta fita. Can Inno ta ce, da wata murya da ba tata ba, "Kwanto, 'yata, in ƙarasa miki." Ta ƙarasa kitson, bai karkace ko kaɗan ba, amma ba ta koma kan labarin ba.

A hanya muka fahimtar da Filomina katoɓarar da ta yi. Ta yi kuka har da majina. Washegari ta koma ta durƙusa, Inno ta ce, "Ba ki yi komai ba. Gaskiya kika faɗa, wurin faɗin ne ba ki sani ba. Tashi." Filomina yanzu babbar nas ce a Jos, kuma ta gaya mini har yau in ta tuna sai ta ji zufa ta keto mata.

Daga ranar Fadimatu ta ɗauke ƙafa daga Liman Abaji. A ganinta uwar da ba ta taɓa kiran sunanta ba ta mayar da ita abin hira a gaban ƙawaye. Inno kuma ta rufe labari gaba ɗaya, kitso ya koma shiru sai ƙarar matsefi. Tafiyar Idris tana ta matsowa, har an fara ɗaure kayansa.

Ke ce, Inno, wadda kunya ta toshe wa ƙofa, ta toshe taga, kika tsaya kina neman ko da tsagar bango. Da wata ce, da ta ce na yi iyakar yina, yarinya ta ƙi, Allah ya kawo wani. Wata kuma da ta yar da al'adar ta tafi Tudun Ƙofa ta yi magana, garin ya yi ta yi da ita, 'yar ma ta ƙara jin an tozarta ta. Ke ba ki yi ko ɗaya ba.

Wata Litinin da hantsi, ranar da ba kowa ke zuwa kitso ba, Inno ta aika wa mahaifiyata cewa a turo ni, kaina ya tsufa. Kitson nan kuwa sabo ne fil, ko ƙaiƙayi bai fara ba. Na je na tarar ba kowa. Ta zaunar da ni, ta tsefe aikin hannunta mai kyau, ta tsaga, ta fara. Ta kitsa layi biyu. Sannan ta ce wa ƙeyata, "Ina muka bar Marka?"

Ta ce tsohuwar aljana ta kama hannun Marka ta kai ta bayan tsamiyar da ta girma a ciki, ta nuna mata wani gurbi a ƙasa, inda ciyawa ba ta fitowa. Ta ce mata, "Kin san mene ne wannan? Shekarar da kika yi ciwon da aka fid da rai da ke, a nan uwarki ta zauna. Dokarmu ta hana ta shiga, ta hana ta tambaya. Sai ta jingina da bayan bishiya tana sauraren numfashinki ta cikin itace, rana ta fito a kanta ta faɗi a kanta, ba ci ba sha, har ran da ta ji kin nemi kunu. Sannan ta tashi ta karkaɗe zane ta koma, ta ce wa mutane itace ta je yi. Uwar 'yar fari da baya take gani, yarinya. Ba ranar da ba ta dube ki ba."

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a wuyana. Ban motsa ba. Inno ta ce, "Yau ana zafi." Ni ma kuka nake, ina jin nauyin a ce na ji kukan babba.

Can na ce, "Sai Marka ta yi yaya, Inno? Ubale ya tafi?"

"Ban sani ba. Nan labarin ya tsaya mini. Mai ƙarshensa ba a gidan nan take ba." Ta ɗaure jelar kitson, ta dafa kaina. "Tashi. Ban aike ki ko'ina ba."

Ko gida ban biya ba. Na sami Fadimatu tana daka a tsakar gidan Gwaggo. Ta ga sabon kitso ta taɓe baki.

"Daga wurin Innonku ake? Yau kuma da wa aka yi hira?"

Na zauna a bakin rijiya na fara ba da labarin kamar da kaina nake magana. Ta ci gaba da daka, tana ƙara ƙarfi don kada ta ji. Da na kai wurin gurbin nan, taɓaryar ta fara sanyi, har ta tsaya.

"Ƙarya ce," in ji ta. "Tatsuniya ce." Sai ta juya wajen ɗaki ta ɗaga murya. "Gwaggo! Shekarar da na yi ƙyanda, wa ya zo duba ni daga Liman Abaji?"

Gwaggo ta fito tana gyara ɗaurin ƙirji, ta dube ta, ta dube ni. "Ba wanda ya shigo," ta ce. "Amma je ki bayan ɗakin nan ta waje, wajen lungu, ki ga inda bango ya yi santsi. Bayan mutum ne ya goge shi. Na kai mata ruwa ta ƙi karɓa, ta ce in na faɗa wa kowa ba ta yafe ba. To ga shi kin sa na faɗa."

Fadimatu ta fita. Ban bi ta ba. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gwiwa, tana cewa, "Na shiga uku, Zulai. Da wane ido zan dube ta? Duk abin da na faɗa a kanta, duk abin da na faɗa." Na sha ganin Fadimatu cikin fushi, ran nan na fara ganin ta cikin kunya, kuma wallahi ta fi kyau.

Da la'asar Idris ya zo sallama, ta bankwana. Muka fita zaure. Ya jingine keke, ya cire hula ya mayar, ya fara. "Na z-z-zo ne in..." Na ga leɓen Fadimatu ya motsa, tsohon hali ya taso. Ta cije shi. Ta tsaya, kanta a ƙasa, ta bar bawan Allahn nan ya bi maganarsa a hankali har ya kai ƙarshenta da kansa, abin da bai taɓa samu a zauren nan ba. Ya ce ya zo ne ya yi godiya, ya kuma nemi gafara in ya takura mata. Ya juya zai kama keke.

Fadimatu ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Malam, tsaya. Duk abin da na yi maka tsoro ne. Na ɗauka in ka san ni sosai za ka tafi, shi ya sa nake korar ka tun da wuri. Ni ya kamata in nemi gafara. Ina son ka. In ka tafi ka bar ni, ban san yadda zan yi ba."

A zamaninmu budurwa ba ta faɗin haka, ko a mafarki. Ni 'yar rakiya sai da na toshe fuska da tafin hannu. Idris ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita sam, ya yi ta kokawa da harafi ɗaya, ita kuma ta jira. Daga ƙarshe ya haƙura da magana ya zauna daɓas a kan dakali yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

An ɗaura aure kafin ya tashi. Ranar biki Inno ta yi mana kitso mu ƙawaye, doka da shuku irin waɗanda ba ta taɓa yi ba, sannan ta gudu gidan maƙwabta ta ɓuya kamar yadda uwar amarya ke yi. Da muka dame ta daga baya da tambayar Marka, sai ta ce, "Ubale ya gan ta, tun daga kai har ƙafa. Ashe ma kunnuwanta manya ne. Ya ce ya ji ya gani." Ta kawo wani labarin.

Ta kawo da yawa bayan wannan, kuma sai da muka girma muka fara haɗa baki muka gane. Aljanar da ke tara kayan ado tana hana ƙannenta, a shekarar da wata a cikinmu ta fara rowa aka yi ta. Aljanin da ya yi alkawari ga 'yan mata bakwai, ya fito ne daidai lokacin da wani direba ke ruɗin 'yar Amarya. Inno ba ta taɓa nuna kowa da yatsa ba. Ta kan bar yarinya ta ga kanta a jikin aljana, ta ji kunyarta ita kaɗai, ta gyara ba tare da an sani ba.

Yau kuɗin mai ya shigo, an ce ma za a gina sabon babban birnin ƙasa a nan kusa da mu. 'Yan mata sun koma gashin kanti da matsefin wuta, soyayya kuma a majigi suke kallon ta, inda ake haɗa ido a yi waƙa a yi aure kafin a sayar da gyaɗar hutun rabin lokaci. Tun kafin yatsun Inno su gaza tabarmarta ta fara yin fili, kuma mu da muka ci moriyarta muna cikin garin nan muna gani. Wannan abin kunya ne, ba na kuma neman wata kalma mai laushi da zan sa masa.

Ku masu sana'ar da ake zama a gabanku, masu kitso, masu lalle, masu ɗinki, har da mu masu alli, ku ɗauki darasi. Yarinyar da ta zauna a gabanki ba kanta kaɗai ta kawo ba. Ku iyaye masu kunya, ban ce ku yar da ita ba, ado ce, amma ku nemi hanyar da saƙo zai isa kamar yadda matar nan ta nema. Ku kuma 'yan Keffi da kuka taɓa kwanciya a cinyarta, gidan bai tashi ba, yana nan bayan masallacin unguwa. Hannu ne ya gaji, baki da kai lafiyarsu lau.

Na je na gaya mata zan rubuta ta a takarda. Ta ce, "Me na sata?" Na yi bayani. Sai ta ce, "Ki rubuta shuku da doka. Sauran ki bar shi inda yake." Inno, mai tsaga ba karkata, uwar 'ya'yan wasu, ki yafe mini, ban bar shi ba. Mun gode, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya sassauta miki ciwon hannu.

Ga dalilina. Da Sallar nan Fadimatu ta zo daga Makurdi, inda suke yanzu, da Idris da 'ya'yansu biyar. Na raka ta gaishe ki. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kika kau da kai wajen bango kika ce, "An zo lafiya?" ta ce, "Lafiya lau." Iyakar hirarku ke nan, kamar kowace shekara. Da muka fito ta ga tabarmar a naɗe a jingine, ta kama hannuna a zaure ta riƙe gam. Ta ce ta yi shekaru tana ɗauke da magana ɗaya, in ta zo gabanki sai harshenta ya mutu, ga shi kina tsufa, tana tsoron ranar da za ta zo ta tarar ba wanda za ta yi wa shiru. Ta roƙe ni in sa a takarda, don jikokinki su karanta miki a tsakar gida, ki yi kamar da wata ake.

To ga saƙon, Inno. Yarinyar gidan Gwaggo ta ce ta je ta ga bangon, ta kuma jingina bayanta a inda kika jingina naki. Ta ce ki yafe mata. Ta ce ta gode, Inna. Haka ta faɗa, ba Innonku ba. Ta ce kuma ba sai kin amsa ba.